Akwati Mai Jan Hayaƙi

Ƙannena masu buga PUBG a waya, da ku nake magana yau, kuma da akwatin nan da jirgi ke jefowa a tsakiyar wasa zan fara. Kun san shi sarai. Ana cikin rarrafe a gona ko laɓewa a bayan bango sai a ji rurin jirgi daga nesa, a ɗaga kai a ga akwati yana saukowa da laima, ya dira, ya soma fitar da jan hayaƙi. A cikinsa akwai kayan da ba a tsintarsu a ɗakunan garin Pochinki: bindigar AWM da ke fasa hular kwano mafi ƙarfi da harbi ɗaya, ko Groza, ko Mk14, wani sa'in har da rigar ciyawa da ke sa mutum ya saje da ƙasa. Wanda ya kwashe su ya sha gaban mutane da yawa. Amma a 'yan daƙiƙoƙin da ya durƙusa yana zaɓen kaya, babu wanda ya kai shi fitowa fili a duk faɗin taswirar.

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa aka sa masa hayaƙi? Waɗanda suka ƙera wasan, wato Brendan Greene ɗan ƙasar Ailan da kamfanin Koriya ta Kudu da ya yi aiki da shi, da sun ga dama da akwatin ya faɗo shiru, mai rabo ya ci karo da shi ya wuce abinsa. Tun fitowar wasan a kwamfuta a 2017 da zuwansa waya a 2018 ba su yi haka ba. Sun sa jirgin ya yi ƙara, laimar ta sauko sannu a hankali yadda na nesa zai hango, hayaƙin kuma ya yi ta tashi yana kiran jama'a. Harsashin AWM ma ba a samunsa ko'ina sai cikin akwatin, kuma ƙidayayye ne. Haka bindigar nan da ake harbawa sama a kira akwati na musamman: mai ita zai samu kaya, amma hasken da ya tura sama ya riga ya gaya wa duk na kusa inda yake tsaye. Da gangan aka tsara haka, don ganimar ta zama tana da farashi, kuma abokan karawa ne ke karɓar farashin idan sun iya.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Zaɓi mai babbar riba ba ya ɓata wasa muddin wanda ake karawa da shi yana iya ganinsa tafe, kuma yana da abin da zai yi a kai. Da zarar an rasa ɗaya daga cikin biyun nan, basira ta daina aiki. Ina faɗa muku ne saboda da yawanku kun wuce matsayin masu bugawa kawai. Wasunku na buɗe ɗakin gasa su tara ƙungiyoyin unguwa, su rubuta doka su raba maki. Wasu na koyon haɗa nasu wasan da manhajar Unity ko Godot. Duk wanda ya rubuta wa mutane dokar wasa ya ɗauki nauyin yi musu adalci, ko da kyautar katin waya ce kawai.

Ga abin da ke faruwa idan aka manta da farashi. A watan Disamba na 2015 kamfanin Valve ya saka wata ƙaramar bindiga mai suna R8 a wasan Counter-Strike, inda mutum biyar ke karawa da biyar, kuma kowane zagaye sai ka sayi makami da kuɗin wasa da ka tara. An sa mata dala 850 na cikin wasa, alhali AK-47 tana 2,700, babbar bindigar maharba AWP kuma 4,750. An so ta zama makami mai kasada, tana ɗan jinkiri kafin ta tashi, in ta samu mutum kuma ta yi ɓarna. Sai ɓarnar ta wuce kima: harbi ɗaya a ƙirji yana kayar da mutum ko da yana sanye da sulke. Jinkirin bai kai ya biya wannan riba ba, kuɗin ma bai kai ba. Nan take kowa ya koma kanta, domin ba mai hankalin da zai tara dubu huɗu da ɗoriya don abin da ɗari takwas da hamsin za su saya masa. Cikin 'yan kwanaki Valve ya rage ƙarfinta daga 115 zuwa 86. Daga nan ta faɗa ɗaya ramin: ƙwararru suka yi watsi da ita, da wuya ka gan ta a babbar gasa. A mako guda ta tashi daga makamin kowa ta koma makamin da ba a waiwaya.

Ku kwatanta ta da AWP, wadda ta shekara fiye da ashirin a wasan tana kashewa da harbi ɗaya a jiki, amma ba ta rusa shi ba. Dalili shi ne an kewaye ta da haraji ta ko'ina. Tsadarta kan sa mutum ya haƙura da sayayya a wani zagaye don ya tara. Idan ka kayar da mutum da ita dala 100 kawai ake ba ka, alhali mai AK-47 yana karɓar 300, ka ga ba ta saurin mayar da kuɗinta. Tana da nauyi, mai ita ba ya gudu sosai. Bayan kowane harbi sai an ja an sake ɗanawa, saboda haka wanda ya kuskure sau ɗaya a kusa, sau da yawa bai da na biyu. Gurnetin hayaƙi ɗaya mai arha yana toshe masa hanyar da ya tsare. Mafi zafi kuma, in aka kashe shi bindigar tana faɗuwa ƙasa, abokin gaba ya ɗauka kyauta, ya juyo da ita kan waɗanda suka sha wahalar sayenta.

Duk da haka Valve bai bar ta haka nan ba. A 2015 ya rage saurin tafiyar mai ita yayin da yake leƙe ta madubin hangen nesa, domin gwanaye sun kai ga leƙowa daga kusurwa su harba su koma kafin a ankara. A watan Nuwamba na 2022 ya rage harsasan da take ɗauka daga 10 zuwa 5. Ku lura da abin da bai taɓa ba a gyare-gyaren biyu: harbi ɗayan nan mai kisa. Ya bar ribar yadda take, ya ƙara wa mai neman ta wahala. A ganina wannan ne gyara na masu hikima, don ribar ita ce ke sa zuciyar ɗan wasa bugawa, kuma in aka cire ta an kashe zaɓin ne, ba daidaita shi aka yi ba.

A wasan Dota 2 akwai takobi mai suna Divine Rapier. Kuɗinsa ya haura zinariya dubu biyar ta cikin wasa, kuma babu makami a shagon da ke ƙara ƙarfin duka kamarsa. Sauran makamai suna bin mai su ko ya mutu ya dawo, shi kuwa wannan faɗuwa yake a inda aka kashe ka, kowa ya iya ɗauka. Abokan gaba kuma suna iya duba kayan da kake ɗauke da su, don haka da ka saye shi mutum biyar sun san wanda za su farauta. Shi ya sa ba a cika ganinsa a hannun ƙungiyar da ke kan gaba ba. Wanda aka matse a gida, ginshiƙansa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, shi ke zuwa shago ya ce ko a mutu ko a yi rai. Masu wayo kan jira sai sun kashe dodon nan Roshan sun samu garkuwar da ke tayar da mutum sau ɗaya bayan mutuwa, domin a wannan tashin takobin ba ya faɗuwa. Sun yi kasada, amma sai da suka fara neman abin da zai rage ta. Aikin irin wannan makami a wasa shi ne ya hana wanda ke gaba yin barci, ya kuma bar wa na baya ƙofa ɗaya a buɗe, ƙunƙuntacciya amma ta gaskiya.

Akwai labarin da masoya StarCraft a Koriya ta Kudu ba su manta ba. A 2004, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar EVER Starleague, manyan abokan hamayya biyu suka haɗu: Lim Yo-hwan da aka fi sani da BoxeR, da Hong Jin-ho da ake kira YellOw. Wanda ya fara cin uku cikin biyar shi zai wuce, kuma jama'a sun zauna suna jiran doguwar fafatawa. A wannan wasa kowa yana farawa da 'yan leburori yana tara arziki kafin ya gina runduna. BoxeR bai jira ba. Ya kwashi leburorinsa da 'yan sojoji kaɗan ya nufi ƙofar YellOw, ya kafa ɗan ginin tsaro da ake harbi daga cikinsa dab da sabon sansanin da YellOw ke ginawa. Ya ci. A wasa na biyu ya maimaita, ya ci. A na uku ya sake, ya ci. Duka ukun ba su cika rabin sa'a ba, kuma 'yan kallo da yawa sun fusata, suna ganin an hana su wasan da suka zo gani.

Na fahimci fushinsu, amma ban ga laifin BoxeR ba. Leburorin da ya kwasa su ne masu tara masa arziki, da an tare harin da ya koma gida ba shi da komai. YellOw ma ai kasada ya yi. Saurin buɗe sansani na biyu kafin a tanadi masu tsaro caca ce a kan cewa abokin karawa ba zai zo da wuri ba, sai dai da yake kowa ya saba yin ta, an daina ganin ta a matsayin kasada. Idan aka haramta harin farko, mai kwaɗayin faɗaɗa gida ba shi da abin tsoro, kowa zai yi, wasa ya koma hanya ɗaya. Tsoron irin harin BoxeR shi ke tilasta mutum ya tura ɗan leƙen asiri, ya ajiye wani abu don tsaro. Kuma idan masu ƙera wasa suka ga harin farko ya yi yawa, suna da hanyar gyara ba tare da haramci ba. A 2015, a kashi na ƙarshe na StarCraft II, kamfanin Blizzard ya ƙara leburorin farawa daga 6 zuwa 12, abin da ya sauya lissafin mintunan farko gaba ɗaya, wasu tsofaffin hare-haren gaggawa suka mutu, sababbi suka fito.

To, yanzu mu dawo kanku da wayoyinku. Kafin ka ruga wajen jan hayaƙi, ɗan'uwa, dubi inda ya sauka. A fili ne fetal ko kusa da dutse da bishiya? Cikin zon yake, wato da'irar tsira, ko sai ka sha shuɗin da ke wajenta kafin ka dawo? Kana da mota da za ka gitta ta zama maka garkuwa? Akwai gurnetin hayaƙi a jakarka? Sannan tambayar da aka fi gudu: me kake da shi a hannu yanzu? Wanda ke riƙe da bindigar M416 mai cikakkun kayan haɗi da sulke mai kyau, abin da akwatin zai ƙara masa kaɗan ne, abin da zai iya rasawa kuma shi ne komai. Wanda bai da sai ƙaramar bindiga da harsashi ashirin, shi ne ya dace ya gwada. Haka nan ka gaya wa kanka gaskiya game da hannunka. AWM a hannun wanda bai iya auna mai gudu daga nesa ba nauyi ce kawai. Kuma kada ku manta akwai zaɓi na uku tsakanin zuwa da gudu: ka samu tudu ka zuba wa akwatin ido, ka bar wani ya buɗe maka.

Lokaci ma yana sauya hukunci. Abin da yake wauta a wasan farko na gasa yana iya zama wajibi a na ƙarshe. Ƙungiyar da aka ba tazarar maki goma sha biyar kuma wasa ɗaya ya rage, in ta ce za ta bi a hankali ta riga ta miƙa wuya, domin lallaɓawa ba za ta haifar mata da makin da take nema ba. Ita ya kamata ta dira inda ake cunkoso ta nemi faɗa. Wadda ke saman tebur kuwa, faɗan da ba dole ba kyauta ce take miƙa wa na bayanta. Na sha ganin yara suna yin akasin haka: in suna gaba sai giyar nasara ta ɗebe su su afka, in suna baya sai jiki ya yi sanyi su laɓe.

Sai maganar sabis, wadda ta shafe mu fiye da waɗanda kuke kallo a bidiyo. Lambar nan da ke kusurwar allo, in ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa ko ja, tana nufin abin da kake gani ya riga ya wuce. A faɗan ɗaki da ɗaki, inda ƙiftawar ido ke raba mai rai da gawa, wanda saƙonsa ke isa da wuri yana harbinka kafin ka gan shi. Ga waya da ke zafi ta fara sarƙewa, ga caji da ke ƙasa. Duk waɗannan suna cikin lissafin kasada. Dirar da ta dace da mai sabis mai ƙarfi ba lallai ta dace da kai ba, kuma ba ragwanta ba ce ka zaɓi faɗan nesa a ranar da lambar ta yi ja.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin abokan tafiya. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a ƙungiyar mutum huɗu ba mai cin zomon kaɗai ke gudun ba. Idan ka zabura kai kaɗai aka kayar da kai a fili kana rarrafe, ka ɗora wa ukun nan zaɓi mai ɗaci: su fito su tayar da kai, wanda ke ɗaukar daƙiƙoƙi masu tsawo ana tsugune wuri ɗaya, ko su bar ka su ci gaba su uku da masu huɗu. Ko wanne suka ɗauka sun biya bashin da ba su ci ba. Kalma biyu ta isa: "Zan je, ku tsare min hagu." In suka ce a'a, ka haƙura. Wanda ya saba jefa abokansa cikin abin da ba su amince ba saboda a yaba masa, hali ne yake koyo, kuma halin ba ya tsayawa a cikin waya.

Kada kuma gajerun bidiyoyin TikTok da YouTube su ruɗe ku. Wanda ya ɗora bidiyon da ya dira makarantar da ke taswirar Erangel ya share mutum goma bai ɗora sauran lokutan da aka kashe shi kafin ya samu bindiga ba. Ku auna shawara da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta, ba da yadda ta ƙare ba. Mutum na iya yin daidai ya faɗi, wani ya yi shirme ya dace. Sai an maimaita abu sau da yawa kafin a san ko dabara ce ko sa'a.

Akwai wani akwatin kuma a cikin wasan nan da nake roƙonku ku bambanta shi da mai hayaƙi, wato wanda ake buɗewa da UC, kuɗin wasan da ake saye da kuɗi na gaske, ana fatan riga ko fentin bindiga. Kamanninsu ɗaya, zuciya na bugawa iri ɗaya, amma ku gwada shi da ma'aunin da muka bi. Gwanintarka ba ta ƙara maka damar samu ko da ƙwayar zarra. Babu abokin karawa da za ka fi shi dabara, babu tudu da za ka hau, babu gurneti da za ka jefa. Na'ura ce ke juyawa bisa lissafin da aka tsara don mai ita ya ci riba. Tun 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana adadin damar samun kowane kaya a irin waɗannan akwatuna, a 2018 kuma hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saye da kuɗi a wasu manyan wasanni caca ce a dokar ƙasar. Mu kuwa ba sai an zo daga Turai an gaya mana matsayin caca a addini da tarbiyyarmu ba. Kuɗin makaranta ko na cefane da ya shiga nan ba ya dawowa, kuma fentin ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi.

Saura ku masu shirya gasa. Babban makamin da ke hannunku shi ne teburin maki, kuma ya fi yadda kuke zato ƙarfi. Masu kallon ƙwallo sun san wannan: da can maki biyu ake ba wanda ya ci wasa, ɗaya ga canjaras, sai ƙungiyoyi suka riƙa tsare gida suna neman a tashi babu ci. Ingila ta mayar da shi uku a 1981, aka yi amfani da shi a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, don a sa fita neman nasara ya fi zaman jiran canjaras riba. Irin wannan gyara aka yi wa manyan gasannin PUBG na waya. A tsohon tsari ƙungiyar da ta zo ta ɗaya tana samun maki 15, ta biyu 12, ta uku 10, ta huɗu 8. Daga 2023 aka koma 10, 6, 5, 4, alhali kowane mutum da aka kayar yana nan a maki ɗaya. Ku yi lissafin da kanku. Ƙungiya ta laɓe a banɗaki har ta zo ta huɗu ba ta harbi kowa ba: da tana da 8, yanzu 4. Wata ta yi faɗa ta kayar da mutum biyar aka fitar da ita ta goma sha huɗu: 5 take da shi, da da yanzu. A tsohon tebur mai laɓewa ce a gaba, a sabo mai faɗa ce. Ba a taɓa bindiga ko ɗaya ba, ba a hana kowa ɓuya ba, amma an sauya yadda ƙungiyoyi goma sha shida ke tunani. Kuma tazarar ta ɗaya da ta biyu ta ƙaru daga uku zuwa huɗu, don kada a wayi gari kowa na faɗa ba mai neman kaiwa ƙarshe.

Za a zo muku da ƙara, wannan tabbas ne. Ranar da wata ƙungiya ta ci gasa da wata dabara mai ban haushi, ko kwanton ɓauna a kan gada ko afkawa gida da motoci, waɗanda aka cinye za su ce a hana. Kada ku yi saurin amsawa. Ku fara tambaya ko waɗanda aka yi wa sun iya hango abin, ko akwai makarinsa da suka kasa amfani da shi, da kuma abin da masu dabarar ke rasawa ranar da ba ta ci ba. Mai tare gada, alal misali, ya jingina komai a kan cewa zon zai tilasta mutane su bi ta nan, kuma akwai jirgin ruwa, akwai iyo, akwai ƙetarewa da wuri. Idan amsoshin suka nuna akwai makari, abin da ake bukata koyo ne, ba doka ba. Ku tuna kuma dabarar da ke share sababbin shiga sau da yawa ba ta yin komai a gaban gwanaye, don haka ku san su wa kuke rubuta wa dokar.

Ku sayi littafi na rubutu ku riƙa ajiye abu biyu bayan kowace gasa: sau nawa aka gwada dabarar, sau nawa ta ci. Wadda kowa ke yi kuma tana yawan ci ta yi arha, a ƙara mata farashi. Wadda ba mai gwadawa ta yi tsada, a sassauta. Wadda 'yan kaɗan ke yi, wani lokaci ta ci wani lokaci ta kife da su, ku bar ta ko da ana gunaguni, don tana inda ya kamata. In za ku gyara, ku taɓa abu ɗaya kawai, kaɗan, ku jira ku ga sakamako, domin in kun sauya maki da taswira da adadin wasanni a tare ba za ku san wanne ya yi aiki ba.

Kada gasa ta zama wasa ɗaya tak. Wasa ɗaya na mai sa'ar zon ne. Ku yi huɗu ko shida, ku cakuɗa Erangel da Miramar mai faɗin hamada da Sanhok mai duhun ciyayi, yadda maharbin nesa da mai faɗan kusa kowa zai samu ranarsa. Ku raba masu bugawa da kwamfuta da masu waya. Duk dokar da za ku sauya, ku sauya ta tsakanin gasa da gasa, ba bayan an fara kun ga wanda ke gaba ba. Teburin maki, da yadda za a raba gardama idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki, da abin da za a yi idan sabis ya yanke wa wani a tsakiyar wasa, duk ku rubuta su ku tura wa kowane kyaftin tun ranar rajista, ya amsa cewa ya gani ya yarda.